Fitilar da Take Kamawa da Rana

Auta ne ya koya wa gidansu magana, kuma saboda Mama ya yi. Tun da idonta ya fara dusashewa, babu abin da ke tayar mata da hankali kamar ta ji motsin ƙofa ba ta san wanda ya shigo ba. Sai ta ɗaga kai daga kujerarta ta falo tana tambayar iska, "Wane ne?" In aka yi jinkirin amsawa, ranar abinci ma ba ya wuce mata.

Shi kuwa sana'arsa ke nan, haɗa sola da fitilun da ke kunna kansu a gidajen mutane. Ya yi ta hawa tsani yana sauka, ya ajiye wani ɗan baƙin akwati a saman kabad, ya kafa sifika a bango dab da kujerar Mama. Daga ranar, duk ɗan gidan da ya iso da wayarsa, tun yana kan titi fitilar ƙofa za ta kama, sifikar ta sanar. Da muryarsa ya naɗi sanarwar, har da tsokana. Ta yayarsa cewa take, "Mama, ga Yaya nan, a ɓoye nama." Tasa kuwa, "Mama, ɗanki na kirki ya dawo."

Yaya a shagon gilashin ido take aiki, tana yanka gilasai tana ɗaura su a firam. Ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, ita ce mai girki, ita ce mai ɗiga wa Mama magani a ido. Auta yakan ce ta gyara wa duk gari gani, na uwarta ya gagare ta. Ita kuma ta ce gara ita, shi da ya mayar da gida gidan rediyo.

Farkon damina ya tafi aiki wani gari mai nisa. Da ya gama ya kira Mama ya ce gobe yana hanya. Goben ta zo ta wuce. Wayarsa a kashe. Yaya da abokin aikinsa, wanda kowa ke kira Mai Tsani, suka bi hanyar nan tasha tasha, asibiti asibiti, har ɗakunan ajiye gawa. Ta ɗaga mayafi daga fuskokin da ba za ta taɓa mantawa ba, babu tasa a ciki. Dangi suka fara zuwa da fuskar ta'aziyya, Mama ta sallame su. Ta ce ita ba a yi mata rasuwa ba, ɗanta tafiya ya yi.

Damina ta ɗauke, sanyi ya zo ya tafi, zafi ya shigo. Gidan ya saba da sanarwa guda ɗaya.

Wata rana da la'asar Yaya tana kicin tana ɗauraye kofuna, sai ta ji shi a falo, da muryar nan tasa mai dariya a ƙarshenta.

"Mama, ɗanki na kirki ya dawo."

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofa ba, babu takalmi, hannunta duk kumfa. Fitilar na ci, ga rana ba ta faɗi ba. Ta duba dama, ta duba hagu. Mai faci yana tsallaken titi yana dukan taya, mutane na zaune a bencinsa suna jiran bas, wani na wanke mota. Namiji dogo take nema, mai ɗan ranƙwafawa in yana tafiya, babu ko mai kama da shi. Tana nan tsaye fitilar ta mutu da kanta.

Ta koma ciki ta tarar da Mama a tsakiyar falo, ta miƙa hannu biyu gaba, tana lalubar wajen ƙofa.

"Ina yake? Ya tsaya gaisawa da mutane ne?"

"Babu kowa, Mama. Na'urar ce ta rikice."

"Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," in ji Mama. Ta koma kujerarta a hankali, fuskarta na kallon ƙofa.

Da sau ɗaya abin ya faru, da an ce rikicewar ce. Sai ya sake bayan 'yan kwanaki, ya kuma sakewa, kullum da rana, bayan zafi ya ɗan sassauta. Wani lokaci fitilar ta daɗe tana ci, wani lokaci ta kama ta mutu nan take kamar wanda ya leƙo ya fasa. Mama ta sa aka share ɗakin Auta, aka sauya zanen gado. Ta sa a riƙa ajiye kofinsa a tebur. In muryar ta yi magana ba ta ƙara tashi, amsawa take yi daga zaune, cikin lallashi. "Sannu da zuwa. Shigo mana, babu mai yi maka faɗa." Sai ta kasa kunne, wani sa'in har ta gyaɗa kai.

Wannan gyaɗa kan shi ya fi tsorata Yaya. Ta fara jin nauyin komawa gida. A shago, in injin yankan gilashi na kuka, sai ta riƙa jin muryar a cikinsa, ta kashe shi ta tsaya, abokiyar aikinta tana kallonta. In ta wuce ƙofar ɗakinsa sai ta ga kamar labulen bai daɗe da motsawa ba. Ita ba mai camfi ba ce, amma ta kama kanta tana yin sallama kafin ta shiga ɗakin da ta san babu kowa.

Rannan ta ɗauko kujera ta hau, ta miƙa hannu saman kabad za ta zare wayar akwatin.

"Sauko," in ji Mama, ba tare da ta juyo ba. "Idona ne ya tafi, kunnena na nan. Ƙaninki yana sallama, ke kuma za ki toshe masa baki?"

Ta sauko. Washegari ta kira Mai Tsani.

Ya zo da kwamfutarsa, ya durƙusa ya gaida Mama, ya zauna a teburin cin abinci ya ɗan matsar da kofin Auta gefe. Ya daɗe yana dannawa. Yaya ta ja kujera kusa, ta rage murya.

"Ka gaya mini lalacewa ya yi."

"Yaya, bari in nuna miki yadda yake aiki, sai ki yanke hukunci da kanki. Akwatin can dillali ne, haka ma masu tsarin suke kiransa. MQTT sunan tsarin. Na'urorin gidan nan ba sa magana da juna kai tsaye, kowacce wurinsa take kai saƙo, shi ya miƙa wa mai jiran irin saƙon. In wayarki ta kama wayifai ɗin gidan, na'urar wayifai ta aika masa, wayar Yaya na nan. Shi kuma ya faɗa wa fitila, ya faɗa wa sifika. In kin yi nisa ta aika masa, wayar Yaya ta tafi."

"To ko ita mai aikawar ce ta haukace."

"Na gwada ta, lafiyarta ƙalau. Kuma kowace na'ura, ranar da aka haɗa ta, tana barin wasiyya wurin dillalin. Tana cewa, in ka ji ni shiru ban yi sallama ba, ka sanar na mutu. Da wani abu ya faɗi a gidan nan, da mun ga wasiyyarsa. Babu wadda ta fito."

Yaya ta waiwaya. Ta kalli Mama, ta ga ta karkato kai tana jin su.

"Me ya rage ke nan?"

Mai Tsani ya shafa fuskarsa. "Wayar ce da kanta. Wayar Auta tana zuwa kusa da gidan nan."

"Waya ba ta da ƙafa."

"Shi ne nake tunani. In ɓarawo ne ko wanda ya saya a kasuwa, da tuni an goge ta, kuma gogaggiyar waya ba za ta san gidan nan ba. Wanda ke riƙe da ita ya bar ta yadda take." Ya rufe kwamfutar. "Ban ce shi ne ba, Yaya. Ban kuma ce ba shi ba ne. Bari in kafa kyamara a ƙofa."

"A'a," in ji Mama daga kujerarta. "Tun Auta yana nan na hana shi. Abin da ba na gani ba zai zauna yana kallon mutanena ba. In ya ga kyamara ma ai sai ya ƙi zuwa."

Da Yaya ta raka Mai Tsani waje, ya ce duk abin da ta gani kada ta tunkare shi ita kaɗai, ta kira shi. Ta ce to. A ranta kuwa ta riga ta yanke abin da za ta yi. Daga cikin gida kullum a makare take fitowa. Ta nemi a mayar da ita aikin safe, da yamma kuma ta ajiye wayarta a gida don kada fitilar ta kama saboda ita, ta tsallaka titi ta zauna a bencin mai faci tare da masu jiran bas. Mai faci ya tambaye ta ko tafiya za ta yi, ta ce iska take sha. Ya kalli ƙurar titin, ya kalle ta, ya ci gaba da aikinsa.

Ba ta taɓa zama ta kalli gidansu daga waje haka ba. Fentin katanga ya koɗe, bishiyar da Auta ya ce zai sassabe ta ɗora reshe a kan rufi. Tagar falo a buɗe, ta san Mama na bayan labulen. Ya yi mata kama da gidan wasu mutane da wani abu ya sama.

Ta yi zaman nan ranaku babu komai. Sai wata yamma, tana cikin kallon, fitilar ta kama.

Ta miƙe zumbur. Wani mai keke ya wuce, wasu 'yan mata biyu na tafe suna hira, wani dattijo na ɗaure igiyar takalminsa. Babu dogo, babu mai ranƙwafawa. Ta cikin tagar can ta jiyo muryar, siririya saboda nisa. Ta koma ta zauna.

Sai a lokacin ta lura da wadda ta zauna kusa da ita. Mace ce da ba za ta wuce sa'arta ba, ta jingine sandar asibiti a jikin benci, ta miƙe ƙafa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa, tana mayar da numfashi. Ta rungume jaka a cinya da hannu biyu. Duk mutanen bencin titi suke kallo, ta inda bas zai ɓullo. Ita kaɗai ce take kallon fitilar, leɓɓanta na motsi. Yaya ta tuna ta sha ganin wannan sandar a nan.

"Baiwar Allah," ta ce, "me kike kallo?"

Matar ta juyo. Ta dubi fuskar Yaya, ta daɗe a kan goshinta da hancinta.

"Gidanku ne," ta ce. Ba tambaya ba ce. "Ke ce Yaya, wadda ake ɓoye wa nama."

Ta buɗe jakar ta fito da wayar. Fuskar sabuwa ce, amma bayanta na nan da tabon ƙuna inda Auta ya taɓa ajiye ta kusa da ƙarfen narka dalma. Yaya ba ta karɓa ba.

"Yana ina?"

"Allah ya yi masa rasuwa. Tun farkon damina."

Mai faci ya daina dukan taya. Bas ya zo ya kwashe mutane, ya bar su su biyu a benci. Matar ta ba da labarin tana kallon ƙasa. Kujera ɗaya suka zauna da Auta a mota. Ba hanyar da aka neme shi ba ce, domin bayan ya gama aikinsa wani ya roƙe shi ya biya ta wani gari ya duba masa sola, daga can ya hau. Tun daga tasha yake surutu, ya ba ta labarin uwarsa, da yayarsa, da unguwarsu, da gidan da ya san shi, wanda fitilar ƙofarsa ke kamawa in ya iso ko da rana ce. Cajin wayarta ya ƙare, ya ara mata tasa ta kira mijinta ya tare ta a tasha. Tana cikin danna lambar taya ta fashe.

"A asibiti na farfaɗo, ban san kaina ba sai bayan makonni. Wayar a hannuna aka same ta, aka ɗauka tawa ce aka sa mini a jaka. Da na iya magana na tambayi dogon saurayin da ke gefena. Suka ce bai kai asibiti ba. Jakarsa ta ƙone da motar, babu wanda ya san sunansa, aka rufe shi tare da sauran da ba a zo nema ba. Ni ma ban san sunansa ba. Duk hirar nan, Auta kawai ya ce ana ce masa."

Sai da ta fara takawa ta kai wayar aka sauya mata fuska. A kulle take, layin kuma ya mutu. Mai gyara ya ce a goge ta kawai, ta ƙi. Sunan unguwa ne kaɗai a hannunta, sai maganar fitila. Ta riƙa cika wayar da caji tana hawo mota daga can ɗaya gefen gari, tana bin layi ɗaya ko biyu, iyakar abin da ƙafar za ta ɗauka, tana duban ƙofofin mutane.

"Ranar da ta kama, na zo har bakin ƙofa na ɗaga hannu. Sai na ji muryarsa a ciki. Ban san da murya ba, bai gaya mini akwai muryar da wayarsa ke kunnawa ba. Na ji wata tsohuwa tana kiran sunansa. Ban san yadda aka yi na sha kwana da ƙafar nan ba."

"Kika kuma dawo." Yaya ta juyo ta fuskance ta. "Kika yi ta dawowa. Kin san abin da kike yi mana? Uwata tana ajiye masa kofi. Tana hira da shi."

"Na sani." Hawaye ya gangaro wa matar, ba ta share ba. "Ina jin ta in iska ta juyo. Kullum in na fito sai in ce yau zan ƙwanƙwasa. In na zauna a nan sai in ga ni ce na rayu da wayarsa a hannu, shi ya ara mini. Da wane baki zan faɗa mata? In na koma gida kuma barci ya gagare ni."

Yaya ta sauke ido ƙasa. Ta dubi ƙafar, ta dubi robar gindin sandar da ta cinye ta gefe ɗaya. Ta tashi, ta miƙa mata hannu.

"Taso. Ni ma ba zan iya faɗa mata ni kaɗai ba."

Suka tsallaka a hankali, motoci na jiransu. Da suka shiga falo, Mama ta saurari takun, ƙafa da sanda, ƙafa da sanda.

"Wannan ba tafiyarsa ba ce," ta ce.

"Baƙuwa ce, Mama. Tare suka hau mota."

Matar ta kasa durƙusawa, ta zame ta zauna a ƙasa gaban kujerar, ta sa wayar a tafin Mama. Mama ta shafa ta, yatsanta ya tsaya a kan tabon. Aka maimaita mata labarin tun daga tasha, ba ta katse ba. Da aka gama ta yi salati a hankali.

"Ya sha wahala?"

"Sun ce nan take ne, Mama. Ni abin da na gani na ƙarshe, dariya yake yi mini, wai ina danna waya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Mama, rabinsa dariya. Ta laluba ta kamo kan matar ta jawo shi jikin gwiwarta. "Haka yake, bakinsa ba ya hutawa. 'Yar nan, da wannan ƙafar kika yi ta yawo?" Daga nan kukan ya zo, wanda ta riƙe tun damina, Yaya ta durƙusa ta rungume su duka.

Da safe, kafin masu ta'aziyya su fara cika gida, Mama da kanta ta ce wa Mai Tsani ya cire sanarwar Auta, ya bar ta yayarsa. Ya hau kujera ya yi, yana share ido da hannun riga.

Bayan mutane sun ragu, Mai Tsani ya ɗauke su a motarsa su uku zuwa garin da aka yi hatsarin. Asibitin ƙarami ne, a gefen hanya. Aka haɗa su da wani tsoho mai kula da maƙabartar da ke bayansa, ya kai su can ƙarshe, wajen katanga, inda ciyawa ta bushe a kan wasu kaburbura marasa alama.

"Mutanen motar nan a layin nan suke," ya ce. "Amma in na ce muku ga nasa, na yi ƙarya. Ranar da yawa aka kawo."

Yaya ta ji ranta ya ɓaci, ta buɗe baki za ta tambayi wanda ya kamata ya sani. Mama ta matse mata hannu.

"Bar shi. Sauran ma 'ya'yan wasu ne, kuma nasu ba su zo ba. Kai ni wurin kabari na farko."

Yaya ta kai ta. Mama ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora tafinta a kan ƙasar mai zafi, ta yi addu'a ba gaggawa. Ta ɗago hannu, Yaya ta tashe ta, suka matsa na gaba. Matar na biye da su tana dogara sandarta, Mai Tsani da tsohon suna cire busasshiyar ciyawa a gabansu, har suka kai ƙarshen layin.